Naman da Auta Ya Jiƙa

Duk gidan da Auta ya shiga gyaran firiji, ba ya fita sai ya bar musu wa'azi iri ɗaya: a daina yawan buɗe ƙofa, sanyi ba ya son leƙe. Yana faɗi yana kaɗa sukudireba a fuskar mai gida. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ranar Asabar ɗin nan, tun da hantsi, ƙofar firijin gidansa ba ta huta ba. Ya buɗe, ya ɗaga murfin kwano, ya shinshina, ya danna naman da ɗan yatsa, ya rufe. Ya je falo ya zauna, zaman ya gagara. Ya sake dawowa kicin.

"Injiniya," in ji matarsa daga wurin wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba, "ko dai in kawo maka filo ne ka kwanta a ciki?"

Malama ake ce mata, don tana koyarwa a firamare, kuma wanda ya saba da yara arba'in a aji ɗaya, rawar kan miji ba ta tayar masa da hankali. Auta ya sake buɗe firijin. Shi fa ba wasa ne a gabansa ba. Yau babbar yayarsa, Yaya Babba, za ta zo, kuma ta faɗa masa a waya da bakinta, ba kwana-kwana: in ta zauna ta ga Baba bai ci abincin kirki a gabanta ba, a motarta zai kwana gidanta, can wani gari mai nisan tafiyar rabin yini.

Tun rasuwar Inna, Baba yake wurin Auta, a ɗakin da ke kusa da baranda. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai murya da faɗin kafaɗa, wanda a da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida har kyanwa sai ta gyara zama. Bara aka cire masa sauran haƙoransa, aka yi masa na roba. Ya sa su, suka ci masa dasashi, ya cire ya jefa a kofi ya ajiye a bakin taga. Daga nan gidan ya koma dama da niƙa. Dankali a dama, ayaba a murje, shinkafa a dafa ta har ta manta ita shinkafa ce. Baba ya ɗan taɓa ya ture. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogon hannunsa ya koma yawo har gwiwar hannu. Duk wannan a kan idon Auta.

Ana haka sai wani yammaci, Baba na zaune a baranda, ƙamshin gashi ya taso daga gidan maƙwabta. Ya ɗaga hanci ya ce, kamar da kansa yake, "Har na manta yadda nama yake a baki." Wannan maganar Auta ya damƙe kamar igiyar rijiya. Nama Baba yake so. To nama zai samu, mai taushin da ko jariri zai iya haɗiyewa, Yaya ta gani da idonta ta koma ita kaɗai.

Shi ya sa da sassafe ya tsaya a gaban teburin mahauci ya hana mutum sakat. A yanko masa daga tsokar baya, a yi masa yanka mai faɗi, kada ya yi kauri, kada kuma ya yi siriri, a cire jijiyar nan, a'a, ba wannan ba, waccan. Mahaucin ya yanka masa fale-fale huɗu, ya ce, "Wannan ko ba a yi masa komai ba mai taushi ne. Albasa da mai da gishiri, ka bar shi ya kwanta." Wata mata da ke bayansa a layi ta saka baki ta ce ita abarba take gogawa, ko naman tsohon sa ne sai ya yi laƙwas. Auta ya gode wa mahauci, amma a hanyar gida ya tsaya ya sayi abarba.

Malama ce ta yi haɗin. Ta goga albasa, ta daka tafarnuwa da citta, ta zuba masoro da gishiri da mai, ta matsa rabin lemon tsami, ta murza wa naman ciki da baya. Kwanon yanka uku ya ɗauka. Na huɗun ta jefa a leda da ragowar haɗin, ta ƙulle, ta tura can ƙasan firiji. "Wannan namu ne ni da Yaya," ta ce. "Mu namu haƙoran na Allah ne." Da ta ga abarbar a kan tebur sai ta ce ta yi kyau, za a yanka a sha bayan abinci. Auta ya ce eh, dama don haka ya saya.

Yanzu ga shi rana ta ɗaga, naman kuma a idon Auta bai canja ba ko kaɗan. Ya danna, tsokar ta turo yatsansa. Yaushe wannan zai yi taushin da dasashi zai iya da shi?

"Ba a tsaye a kansa yake yi ba," Malama ta ce, tana goge hannu. "Kayan haɗin sai sun ratsa. Ka je ka duba Baba, ni zan leƙa kasuwa in sayo ganyen salak."

Ya tarar da Baba a bakin gado, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, kofin haƙora na bakin taga. Auta ya gyara filo, ya ja labule, ya sake buɗe shi, ya tambaya ko a kawo shayi.

"Wannan firijin naku," Baba ya ce, maganar na fita da iska-iska saboda rashin haƙori, "ƙarar da yake yi, ruwan batir ne ya ƙare masa."

Firiji ba shi da batir, balle ruwansa. Auta ya fi kowa sani, shekararsa ashirin yana cin abinci da wannan sana'a.

"Haka ne, Baba," ya ce da murmushi. "Zan duba."

Baba ya tsura masa ido, ya daɗe. Sannan ya juya ya ƙara muryar rediyo.

Da ƙofa ta rufe bayan Malama, Auta ya yi safa da marwa tsakanin falo da kicin har ƙafarsa ta gaji, daga ƙarshe ya ɗauko wuƙa. Ya fere abarbar. Niyyarsa cokali ɗaya ne, don dai a taimaka wa albasa. Ya goga, ya zuba, ya duba ya ga kamar bai kai ko'ina ba. Ya ƙara. Ya tuna dasashin Baba da jan ciwon da ke gefe, ya ƙara. Kafin ya ankara rabin abarba ya shige kwanon, naman ya nutse cikin ruwan ɗorawa. Ya juya shi da hannu, ya rufe, ya yanka ragowar abarbar ƙanana-ƙanana ya baza a faranti don ta yi kamar da yawa. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, kuma a daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara.

Hajiya mai shagon kayan sanyi ce, tsohuwar abokiyar cinikinsa. Babbar firizarta ta tsaya cak, kifi da kaji sun fara zufa. Ya ce mata yau yana da baƙi. Ta ce ita ma tana da baƙi, ƙudaje ne, sun fara sallama. Ba yadda zai yi. Ya rataya jakar kayan aiki, ya leƙa ya ce wa Baba yanzu zai dawo, ya sauka daga bene yana tsallake matakala.

Shagon ƙunci ne da shi, firizar kuma an manna ta da bango, sai da suka ja ta shi da ma'aikacin shagon, ruwan ƙanƙara na bin ƙafarsu. Ya tsuguna ya kwance murfin baya. Kwamfuresa, wato injin sanyin, ta yi zafi kamar dutsen guga, fankar ta toshe da ƙura da gashin kyanwa, ɗan abin da ke tayar da injin ya ƙone baƙi ƙirin. Irinsa ba ya cikin jakarsa. Ya hau babur ya tafi layin masu kayan gyara, shago na farko babu, na biyu a rufe, na uku akwai amma mai shagon ya tafi salla. Ya tsaya yana bubbuga ƙafa yana duba waya. Da ya dawo ya ɗaura, wayar wutar ma ashe ta narke a ciki, sai da ya sake ta. Azahar ta wuce yana tsugune a bayan firiza, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Da injin ya tashi da gurnaninsa, Hajiya ta yi hamdala ta miƙo masa ruwa mai sanyi-sanyi. Ta ce yau ta ga jikinsa na rawa, lafiya? Bakinsa ya kasa riƙe magana. Ya ba ta labarin Baba da Yaya da naman, har da dabarar abarba, yana faɗi da ɗan alfahari.

"Tun yaushe ka sa?"

"Tun da hantsi."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Kai! Ɗanyar abarba? Ai ita cin nama take yi, ɗan nan. Ɗan lokaci kaɗan ake barinta a wanke. Ni na taɓa mantawa da nawa, da cokali na kwashe shi."

Bai tsaya jin ƙarshen ba. Ko murfin bayan firizar bai gama ɗaurewa ba, ya ce gobe. A hanya kuma sai duniya ta haɗa masa kai. Wata motar kaya ta lalace a tsakiyar mahaɗa, motoci sun cushe, kowa na danna ham kamar shi zai ɗaga ta. Ya kutsa ta nan, ya kutsa ta can, madubinsa ya gogi na wani, aka zage shi ya ba da haƙuri bai ko waiwaya ba. Ya kira Malama, wayar na ta ƙara ba a ɗauka ba. A ransa yana ganin abarbar tana aikinta cikin duhun firiji, shiru, ba mai tsawata mata.

Ya tarar da Malama a kicin, kwanon a buɗe a gabanta, hannunta a ƙugu.

"Garin neman gira," ta ce. Ba ta ƙarasa ba, don ta ga fuskarsa.

Naman ya yi fari-fari, ya yi santsi. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga yanka ɗaya, gefensa ya zame ya koma cikin kwano. Suka wanke abin da zai wanku, suka shanya a kan tsumma mai tsabta, suna dannawa a hankali kamar masu jinyar ƙuna. Auta na cewa ko ya koma wurin mahauci, Malama na cewa mahaucin ya tashi tun ɗazu, kuma ko an samu yaushe zai jiƙu? Ya tsaya ya ƙura wa naman ido. Can sai wani tunani ya zo masa, irin wanda ke zuwar wa mutumin da ruwa ya kusa cinyewa.

"To ai taushi ake nema," ya ce. "Wannan ko tauna ba ya buƙata. Wataƙila ma gyara Allah ya yi mana."

Malama ta dube shi, ta ɗora kasko a wuta.

Ham ɗin Yaya Babba daban yake, dogo ɗaya da gajeru biyu, kamar mai kiran bashi. Ita take tuƙa kanta. Ta hawo bene tana faɗa da matakala, ta shigo tana faɗa da zafin garin, ta rungume Malama, ta dubi Auta sama da ƙasa ta ce shi ma ya rame, ko gidan nan azumi ake yi ba a gaya mata ba? Ita ce ta goya shi yana jariri, kuma har yau, da furfura a gemunsa, ba ta sauke shi ba. Ta wuce ɗakin Baba. Auta ya ji ta gaishe shi, sannan ya ji shiru. Ya san shirun. Ta ga wuyan rigar.

Aka jera abinci a tebur. Yankan nan uku sun ƙi yin ja a kasko, sun fito launin toka, suna zubar da ruwa, Malama ta lulluɓe su da soyayyar albasa don a rufa asiri. Na ledar kuwa ya yi kyau abinsa, ya soyu ya yi duhu a baya, ƙamshin citta da tafarnuwa na tashi. Ta raba shi biyu, ta sa wa Yaya babban rabin.

Auta ne ya riƙo hannun Baba ya kawo shi, ya ja masa kujera, ya sa filo a bayansa, ya ɗaura masa tawul a wuya. Ya jawo farantin ya yayyanka naman, ko da yake wuƙar ba ta sami abin yi ba, da ta taɓa yake wargajewa. Ya tura gabansa. Ya kasa zama. Ya tsaya a bayan kujerar, hannunsa ɗaya a kan kafaɗar tsohon.

"Nama ne, Baba. Wanda ka ce kana marmari. Ba sai ka wahala ba, da ka sa a baki zai narke."

Baba ya ɗebo da cokali ya kai baki. Ya juya shi da harshe. Kowa ya yi tsit, har ƙarar firiji ana ji. Ya haɗiye da ƙyar, ya ajiye cokalin.

"Wa ya tauna mini?"

"Baba?"

"Na ce wa ya tauna ya zuba mini a faranti?"

Ya ture shi da bayan hannu. Auta ya sake matso masa da farantin. Ya fara cewa a ɗan ƙara gwadawa, ko a sa masa romo, ko a kawo dankalin, ko shayi, ko ayaba. Maganganun na fita suna tuntuɓe da juna. Shi ke nan, an gama. A ransa yana ganin ɗakin kusa da baranda babu kowa, gadon a gyare.

Yaya Babba ba ta ɗago ba. Tana yankan nata, tana taunawa da ƙarfi, har ana jin motsin muƙamuƙinta.

"Ai laifinka ne, Baba," ta ce da abinci a baki. "An kashe kuɗi an yi maka haƙora ka mayar da su kifin ado a kofi. Ka zauna an ɗaura maka tawul kamar ɗan yaye. In ba ka son a tauna maka, ka tauna da kanka mana."

"Yaya!" Auta ya ce. "Baba ne fa."

"Na san shi kafin a haife ka."

Baba ya miƙe zaune. Wani abu ya motsa a fuskarsa da Auta ya daɗe bai gani ba. "Ke! Ni kike gaya wa haka? Kin san zafin abin nan? Kamar an cusa maka ƙusa a baki!"

"Sabon takalmi ma yana ciwo, ba a ce a yi tafiya ba takalmi ba. Likita ya ce a koma a goge inda yake ci, ka koma?"

"Ba a kai ni ba!"

"Na ce mu je, Baba," Auta ya ce a hankali, "ka ce ba ka so."

"Na ce ba na so sai ka ce to!" Baba ya buga tebur, cokula suka yi tsalle. Ya fizge tawul ɗin ya yar. Auta ya miƙa hannu zai tallafe shi, ya doke hannun. Ya tashi da kansa, yana dafa bango, ya shige ɗaki. Malama ta sunkuyar da kai tana wasa da salak. Yaya ta ci gaba da tauna abinta.

Da ya fito, fuskarsa ta cika, kumatun da suka lotsa sun taso, leɓunansa sun koma inda suke a da. Ya zauna. Ya miƙa hannu ya jawo farantin Yaya daga gabanta, ko neman izini babu.

"Nawa ne fa," ta ce.

"Ubanki ne ya ci."

Ya karɓi wuƙa da cokali mai yatsu ya yanka da kansa, wuƙar na ƙara a kan faranti. Ya kai baki ya ciza. Idonsa ya kawo ruwa nan take. Auta ya yi taku ɗaya, Malama ta riƙe masa gefen riga. Baba ya mayar da lomar ɗaya gefen ya ci gaba. Naman ya jiƙu daidai, albasa da lemo sun sassauta shi, amma da sauran ƙarfinsa, sai an yi da gaske. Haƙoran na ƙwas-ƙwas, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya haɗiye, ya lumshe ido.

"Citta ta yi yawa," ya ce. Ya sake yankowa.

Ya daɗe yana ci. Tsakanin loma da loma yana tsine wa wanda ya ƙera haƙoran, yana gaya wa Yaya tun tana yarinya bakinta ya fi ta girma, ita kuma tana mayar masa ɗaya bayan ɗaya. Ya gama da na farantinta, Malama ta turo masa nata rabin, ya cinye, ya sa burodi ya share man. Auta na tsaye, murna ta cika shi. Ya ci! A gabanta ya ci. Ya dubi Yaya da ido mai cewa to sai me kuma.

Yaya ta goge baki. Mace ce mai faɗa, amma ba ta tauye gaskiya. "To, Auta, magana ɗaya ce. Na ce in ya ci zan bar shi. Ya ci. Sai dai ka kai shi a gyara haƙoran nan cikin makon nan, ko ya so ko ya ƙi."

"Wa ya ce ki bar ni?" in ji Baba.

Yana sakace da tsinke, hankalinsa kwance.

"Auta, jakata na ƙarƙashin gado. Ka zuba mini kaya. Ka haɗa da rediyon."

Auta ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Ba wanda ya taya shi. "Baba, ai ka ci. Yaya ta ce... Me muka yi maka? In naman ne, kuskurena ne, ni na sa abarba, Malama ba ta ma sani ba. Gobe zan sayo wani."

"Ba ku yi mini komai ba." Baba ya ajiye tsinken. Muryarsa ta sauka. "Kai da 'yar nan, Allah ya yi muku albarka, ko uwarku ba ta yi mini hidimar da kuka yi ba. Amma ɗana, a gidanka komai an tausasa mini. Abinci an dama, magana an dama. In na ce rana daga yamma take fitowa, sai ka ce haka ne, Baba. Ɗazu na ce maka firiji na shan ruwan batir. Ni da na yi shekara arba'in a kan injin mota, ka ɗauka ban san shirme na faɗa ba? Jira nake ka ce mini tsoho ka rikice. Ka yi mini murmushin da ake yi wa wanda likita ya gama da shi." Ya nuna Yaya da haɓa. "Wannan marar kunyar, ita har yanzu tana ganin akwai mutum a nan da za a yi faɗa da shi."

Auta ya buɗe baki. Abin da ya zo masa kan harshe shi ne haka ne, Baba. Ya haɗiye shi, ya juya ya shiga ɗakin.

Ya ninke riguna, ya naɗe wayar rediyo, ya wanke kofin bakin taga ya sa a gefen jaka. Hawaye na zuba yana share su da kafaɗa, haushin kansa da haushin Yaya da kewar da ta riga ta fara duk sun cakuɗe masa. Malama ta shigo ta sa magunguna a leda, ta taɓa bayansa ta fita.

A matakala Baba ya ƙi a riƙe shi. Yana sauka ɗaya-ɗaya, hannu a kan ƙarfe, Auta na biye da jaka, hannunsa ɗaya a miƙe a iska bai taɓa shi ba. A ƙasa Baba ya zagaya motar Yaya ya daki taya da ƙafa ya ce iskar ta yi kaɗan. Ta ce ɗazu aka duba. Ya ce wanda ya duba makaho ne. Ya shiga gaba ya zauna, ya sauke gilashi.

"Ki bi ta tsohuwar gada," ya ce mata. "Ta fi sauri, kafin duhu mun yi nisa."

"Ba a bin ta nan," Auta ya ce. Shi kansa bai san da ƙarfi maganar za ta fito ba. "An rufe gadar tun bara, Baba. Kai rabonka da titi tun yaushe? In kuka bi ta nan sai kun dawo baya. Ta bayan asibiti za ku bi."

Baba ya juyo a hankali. "Ni za ka koya wa hanya? Ina bin gadar nan kana cikin zanen goyo!"

"To yanzu babu ita. Ka je ka gani in ƙarya nake."

Suka tsaya suna kallon juna ta tagar mota. Sai bakin Baba ya buɗe, sababbin haƙoran suka bayyana farare tas, jere, sun yi masa ɗan yawa. Ya miƙo hannu ya kama kunnen Auta ya ja, da sauran ƙarfinsa.

"Ɗan banza," ya ce. "Da haka kake yi mini tun bara, ina za ni?"

Auta ya riƙe hannun da ke kunnensa. "To ka sauko mana."

"A'a. Na riga na ce zan tafi." Ya zare hannunsa ya dubi gaba. "Ke, ja mu je. Ta bayan asibiti."

Motar ta tashi. Auta na tsaye a bakin titi, kunnensa na zafi, yana jiyo muryoyinsu suna musu a kan canjin giyar mota har suka sha kwana.